Komowar Tokal Balam

A can ƙetaren babban teku, cikin dazuzzukan ƙasar Maya, a zamanin da mutanen wurin ba su san ƙarfe ba balle doki, an yi wani birni mai suna Sakal, an kuma yi masa wani sarki wai shi Tokal Balam. Maroƙa kan ce masa Damisar Gabas, ƙi sabo, jikan masu dalar dutse. Tun yana saurayi ya hau tabarma, don a ƙasar nan tabarma ce gadon sarauta, a kan shimfiɗa mata fatar damisa. Ya ci garuruwa, ya ɗora dala bisa dala, ya kuma tare bakin kwarin da ke bayan birni da wata ƙatuwar madatsa, har mutanen Sakal suka manta da ƙishin rani. Ana nan, a wani yaƙi da mutanen birnin Boktun, ƙafarsa ta zame cikin laka, wani mayaƙi ya damƙi gashin kansa. Nan tauraronsa ya faɗi.

A al'adarsu, sarkin da aka kama yanka shi ake yi a bisa dala. Amma Sarkin Boktun mutum ne mai dogon hange. Ya sa aka cire wa Tokal 'yan kunnensa na koren dutse aka zura tsumma a hudar, aka zare masa farce har yatsun suka zama dungulmi, aka ajiye shi da ransa. Duk ranar buki a fito da shi a kwantar a gindin matakala, Sarkin Boktun ya taka bayansa ya hau. Damina tara ana haka.

Duk fadar nan mutum ɗaya ne ya ɗauke shi mutum, shi ne Pakab, ɗan Sarkin Boktun. Tun yana matashi yakan zo ya zauna a bakin ɗakin da aka tsare Tokal, ya tambaye shi yadda ake jera runduna da yadda ake sauraron ƙara. Shi ya hana dogarai dukansa, shi ya sa ake kai masa ruwan 'ya'yan itacen koko mai kumfa irin na sarakuna. Har bakinsa ya saba da ce masa Baba, ba ya ma ɓoyewa.

Da damina ta tara ta ɗauke, masu duban taurari suka ce Gamzaki ya fito da mashi a hannu, lokacin yaƙi ya yi. Sarkin Boktun ya tara runduna ya danƙa wa Pakab, ya sa aka wanke Tokal aka yafa masa farin mayafi, aka ce gida za a mai da shi ya hau tabarmarsa. Tokal ya san ba don ƙauna ba ne. Ya san sarkin da abokin gaba ya ɗora, da igiya a wuyansa yake mulki. Amma wanda ruwa ya ci, ko kaifin wuƙa aka miƙa masa kamawa zai yi. Duk tsawon tafiyar zuciyarsa na gaban ƙafarsa.

Suka yada zango a bisa wani tudu da hantsi, Sakal ta bayyana a ƙasa, fara fat cikin koren daji. Tokal ya tsaya yana bin dalolin da ido, ta kakansa, ta ubansa, nasa guda biyu. Sai ya ga wata sabuwa da bai sani ba, ta fi duka tsawo.

Ya ce, "Waccan fa, ta wa ce?"

Pakab ya ce, "Taka ce, Baba. Kabarinka ne. Fatake sun ce ba kowa ciki sai mayafinka da garkuwarka."

Tokal ya ɗauke idonsa daga dalar. Pakab ya zaunar da shi, ya faɗa masa saƙon da zai kai, don shi za a aika manzo zuwa ga mutanensa. Na farko, Sakal ta karɓe shi sarki. Na biyu, duk shekara ta kai gaisuwa Boktun, koko da tufafin auduga da koren gashin tsuntsu. Da ya zo na uku sai ya sunkuyar da kai.

"Ɗanka Kukum, wanda suka ɗora bayanka, zai bi ni Boktun ya zauna a fadar mahaifina. Baƙo."

"Baƙo irina?"

"Muddin ina raye ba mai taka shi."

Tokal ya ce, "Ni ma kana raye aka taka ni, Pakab."

Pakab ya kau da kai. Can ya ce, "Umarnin mahaifina ne, ban da yadda zan yi. In sun yarda, jini ba zai zuba ba. In sun ƙi, gobe kafin rana ta take kai za ka kasance bisa tabarma ko suna so ko ba sa so."

A bakin ganuwa Sarkin Ƙofa ya tsai da 'yan rakiyar Boktun, ya ce manzo shi kaɗai yake shiga. Tokal ya ratsa garinsa da ƙafa. Mutane suka yi cirko-cirko a gefen hanya. Yara ba su san shi ba. Tsofaffi kuwa ya ga sun gane shi, don wata tsohuwa ta toshe baki da hannu, wani mai sassaƙa ya saki gudumarsa ta faɗi. Amma ba wanda ya durƙusa, ba wanda ya ce masa sannu.

Ya hau matakalar Zauren Tabarma, ya iske fada ta cika. A dama ga Waziri Nabte, wan matarsa, kawun Kukum, wanda ya riƙe mulki tun yaron na ƙarami. A hagu ga Sarkin Yaƙi Cimal, abokin gwagwarmayarsa tun ƙuruciya, kai ya yi fari. Ga babban boka Mai Ƙidayar Kwanaki, ga Sarkin Tafki, ga Sarkin Fatake, ga sauran masu sarauta, rabinsu sababbin fuska. A bayan tabarma an saki labulen auduga, ya san matarsa Ish Mukuy na can zaune. A bisa fatar damisa kuwa ga wani saurayi siriri, da kambun koren gashi da ya ɗan yi wa kansa yawa. Ɗan shekara takwas ya bar shi. Yanzu ga goshin kakansa, ga idon uwarsa.

Waziri ya ɗaga murya ya ce, "Manzon Boktun, faɗi sunanka da saƙonka."

Tokal ya ce, "Nabte, wannan abin wuya da ke ƙirjinka da hannuna na ɗaura maka shi. Yau sunana kake tambaya?"

"Wanda ya ɗaura mini shi ya faɗi a fagen fama da mashi a hannu. Mun yi kukansa, mun gina masa dala. Faɗi saƙonka."

Tokal ya faɗi sharuɗɗan nan uku, bai rage kome ba. Zaure ya ɗauki guna-guni. Mai Ƙidayar Kwanaki ya miƙe a hankali, ya dogara sandarsa, ya fuskanci tabarma.

"Ranka ya daɗe, Ɗan Damisa, mai riƙe da igiyar kakanni, ka ji ta bakin tsoho. An ƙidaya ranar mutuwar Tokal Balam, an ƙona mata turare, an sassaƙa ta a tsayayyen dutse a gaban alloli. In wannan mutum Tokal ne, to dutse ya yi ƙarya. In dutse ya yi ƙarya, to hawanka ba shi da tushe. Duk gonar da aka raba, duk sarautar da aka naɗa, duk alkawarin da aka ƙulla da sunanka, sun zama iska. Ba a sarki biyu a tabarma ɗaya. Ni dai ban ga kowa a nan ba sai wani bawan Boktun da tsumma a kunne."

Tokal ya bi fuskokin nan ɗaya bayan ɗaya, sai ya gane abin da bai gane ba a hanya. Ba mantawa suka yi da shi ba. Kowannensu ya ci wani abu daga mutuwarsa, wannan gona, wannan sarauta, wancan matar wani da aka kora. Komowarsa tuwo ne za a fizge daga bakinsu.

Ya juya ga Sarkin Yaƙi ya ce, "Kai ma, Cimal?"

Cimal ya daɗe yana duban ƙasa. Ya ce, "Na san tabon nan na kafaɗarka, ina wurin aka yi shi. Ba zan ce ban san ka ba. Amma na ɗora hannuna bisa ƙafar wannan yaro na rantse, kuma ba zan kai shi Boktun ba ko wa ya zo da saƙon. Sarkina ga shi zaune."

Sai Tokal ya matsa taki biyu, ya dubi ɗansa. Ya ce, "Kukum, kai me ka ce?"

Saurayin ya ɗago. Maganar ta fito a tsaye. "Ubana ba a kama shi da rai ba. Da wannan aka raine ni, da shi maroƙa ke tashe ni kowace safiya. Mutumin da ya yarda ya rayu a ƙarƙashin ƙafar Sarkin Boktun, ban san shi ba."

Duk abin da aka yi wa Tokal a Boktun, ba wanda ya shige shi kamar wannan. Ya ce a ransa, to shi ke nan, bari in juya in fita. Rundunar Pakab ta ninka ta Sakal, ganuwar nan ba za ta kai azahar ba. Gobe war haka ina bisa fatar nan, Nabte da bokan nan suna kwance a gindin matakala, in ga ko dutse zai cece su. Har ya juya kafaɗa. Sai idonsa ya faɗa kan hannun yaron, ya damƙe gefen fatar damisa don kada a ga yana makyarkyata. Yatsu dogaye, farce lafiyayyu. Tokal ya dubi nasa dungulmin yatsun. Ya san ɗakin da za a ajiye yaron a Boktun, ya san warinsa, ya san matakalar.

Ya juyo ya ce, "Na gama saƙon Boktun. Yanzu ku ji na mamaci, tun da haka kuka zaɓa. In kun tsaya a ganuwa za a ci ku. Amma akwai kwarin da ke ƙasan madatsa, ta can birni ba shi da ganuwa, don ba mai zaton runduna za ta bi ta cikin iwa. Zan ce wa Pakab na san hanya ta nan, zai kuwa yarda da ni. Damina ta cika tafki har baki. A gefen yamma na madatsa akwai inda muka toshe da gumagumai da yumɓu, Sarkin Tafki ya san wurin. In rundunar ta shiga tsakiyar kwari, ku zare gumaguman."

Waziri ne ya fara magana. "Tarko ne, ranka ya daɗe. So yake mu kwashe mayaƙa zuwa baya, su kuma su shigo ta ƙofa."

Sarkin Tafki ya ce, "Ko ba tarko ba ne, in aka fasa madatsa me gari zai sha da rani? Aikin shekaru ne za mu zubar a safiya ɗaya."

Cimal ya ce, "Ƙishi sai nan da watanni, mashi kuwa gobe ne. Na hau ganuwa na ga hayaƙin sansaninsu, gaba kura baya siyaki, amma kurar ta fi kusa. Ba sai mun kwashe kowa ba. A bar rabi a ƙofa, a sa masu gani a kan dala. In ba su shiga kwari ba, ba mu taɓa madatsa ba, me muka rasa?"

Aka yi ta ja-in-ja, wannan ya kawo, wancan ya soke. Kukum kuwa yana ta kallon mutumin da ya ce bai sani ba. Can ya ɗaga hannu, kowa ya yi shiru.

"Manzo, in ruwan ya taho, kai kana ina?"

"A gaba. Ni ne ja-gora."

"To ai kai zai fara ci."

Tokal ya ce, "Tsuntsun da ya kira ruwa, shi ruwa kan doka. Abu ɗaya kawai nake nema. In ruwa ya wuce, Cimal ya fita ya gama da sauran. Sarki ya zauna cikin birni, kada ya leƙa waje."

Fuskar yaron ta murtuke. Ya ce, "Manzo ba ya gindaya wa Sarkin Sakal sharaɗi. Za a yi yadda Sarkin Yaƙi ya ce. An sallame ka."

Tokal ya tsaya kaɗan yana duban labulen da ke bayan tabarma. Labulen ya motsa, amma bai buɗe ba. Ya juya ya sauka.

Da ya koma sansani bai sha wahalar ƙarya ba, don gaskiya ya fara faɗa. Ya gaya wa Pakab yadda aka tambaye shi sunansa, da abin da boka ya ce, da abin da ɗansa ya ce. Ɓacin ran da ke fuskarsa na gaske ne, kowa ya gani. Sa'an nan ya ce, "Kada ka ɓata mazajenka a ganuwa. Akwai hanya ta baya, ta kwarin madatsa. Ni na gina wurin, na san kowane taki."

Wani tsohon jarumi cikin manyan rundunar ya ce, "Yarima, damisa ba ta sabo. Kwari ne fa, ruwa na bisa kanmu."

Pakab ya ce, "Shi da kansa zai shige gaba, ni ina gefensa. Kuma tun ina yaro nake zama wurin mutumin nan, bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Tokal ya ji maganar nan kamar an ɗora masa dutse a ƙirji.

Gari na wayewa suka gangara. Pakab ya bar 'yan kaɗan a gaban ƙofa suna kiɗan ganguna don ɗauke hankali, sauran suka bi Tokal cikin iwa, da lifidin auduga da garkuwa da masu masu tsinin baƙin dutse. Ƙasa ta bushe a sama, laka a ƙasa. Tsuntsaye suka tashi suna kuka. Tokal na tafe yana hangen madatsar nan tasa tana ƙara tsawo a gabansa. Ya tuna shekarun da ya yi yana tsaye a kanta yana ba da umarni, da mutanen da dutse ya danne wurin aikin. Ya yi ta jira. Har ya fara zaton Waziri ya rinjaye su.

Sai aka ji wata ƙara kamar an karya babban itace. Gefen yamma na madatsa ya buɗe baki. Ruwa ya taho ja wur, ya fi tsayin mutum biyu, yana tafe da gumagumai da duwatsu. Runduna ta juya za ta gudu, na gaba suka haɗu da na baya, laka ta riƙe ƙafafu, lifidi ya sha ruwa ya zama dutse a jikin masu shi. Tokal ya tsaya cik ya rufe ido, ya saki jikinsa.

Wani hannu ya damƙe shi a hamata. Ruwa ya kwashe su tare, ya juya su, ya maka su da wani abu, hannun nan bai sake shi ba. Da ya buɗe ido sai ya gan shi a bisa wani ɗan tsibiri a gindin ƙaton rimi, Pakab na jan sa sama yana haki, jini na zuba daga goshinsa.

"Baba, kana da rai? Yi numfashi."

Tokal ya amayar da ruwa, ya zauna. A ƙasa kwari ya zama kogi, garkuwoyi na yawo a sama kamar ganye, hannuwa na fitowa suna nutsewa. Mutum bai fi ashirin ba da suka tsira zuwa tsibirin. Pakab ya tsaya yana kallon rundunar ubansa tana tafiya. Sa'an nan ya juyo ya dubi fuskar Tokal, ya daɗe yana dubanta. Bai ga mamaki a cikinta ba.

Ya ce a hankali, "Ka sani."

Tokal ya ce, "Na sani."

Kafin wani ya ƙara magana, ƙahonin Sakal suka tashi daga gangaren birni. Ruwa ya fara ja, ya koma iya gwiwa, mayaƙa suka kwararo suna ihu. Tokal ya duba don ya ga Cimal, amma ba shi ne a gaba ba. A gaban kowa, da tazara mai yawa, wani kambun koren gashi ne ke tahowa yana rangaji. Cimal na can baya yana gudu yana kira, tsufa ya hana shi cim masa. Yaron bai zauna ba. Jiya an nuna wa gari duka cewa sarkin gidansu kama shi aka yi da rai, yau ya fito don ya wanke sunan gidan, ya kamo ɗan Sarkin Boktun da hannunsa.

Tokal ya miƙe yana kururuwa, "Koma! Kukum, koma!"

Ko ya ji ko bai ji ba, bai tsaya ba. Ya hayo tsibirin, ya yar da mashinsa gefe don da rai yake son kamunsa, ya miƙa hannu zai damƙi gashin Pakab. Yaro ne da bai taɓa ganin yaƙi ba, Pakab kuwa a fagen fama ya girma. Ya goce kawai, ya soka masa mashi ta ƙarƙashin haƙarƙari. Nan take mutanen Cimal suka iso suka rufe Pakab, suka kayar da shi, suka ɗaure.

Tokal ya rarrafa ya ɗauki kan ɗansa ya ɗora a cinya. Kambun ya faɗi cikin laka. Yaron ya buɗe ido, bai ma san a jikin wa yake ba.

Ya ce, "An kama shi?"

"An kama shi."

Ya yi kamar zai yi murmushi, sai numfashin ya tsaya. Tokal ya zauna nan riƙe da shi har rana ta take. Ba wanda ya iya matsowa.

Da la'asar aka kai gawar gindin Zauren Tabarma. Ish Mukuy ta fito daga bayan labule, ta sauko matakala ba ta ko yafa mayafi ba. Ta tsufa, ta rame. Ta wuce ta gefen mijinta ta durƙusa kan ɗanta, ta share masa lakar fuska da bakin zanenta. Ba ta ɗago ba ta ce, "Da ka mutu a can, da yau yana raye." Iyakar abin da ta ce masa ke nan. Mata suka taya ta suka shige da gawar.

Masu sarauta suka koma gefe suka yi ƙus-ƙus. Ba su daɗe ba, don lissafin a bayyane yake. Kukum bai bar ɗa ba, ba sauran mai jinin gidan sai mutum ɗaya. Tafki ya tsiyaye, rani na tafe, Sarkin Boktun kuma ba zai kwana da wannan ba. Garin da ba shi da sarki a irin wannan hali, tun kafin abokin gaba ya iso zai watse. Sai ga su sun taho a jere, Waziri a gaba. Suka zube a gaban mutumin nan mai tsumma a kunne, goshi a ƙasa.

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, Damisar Gabas, jikan masu dalar dutse. Tabarma ba kowa. Gari naka ne."

Tokal ya ce, "Dutse fa? Jiya aka ce ba ya ƙarya."

Mai Ƙidayar Kwanaki ya ɗago kai ya ce, "Bai yi ƙarya ba, ranka ya daɗe. Sarki ya shiga ƙasar matattu ya komo, kamar yadda ƙwayar masara kan shiga ƙasa ta fito. Haka za a sassaƙa. Ba a taɓa yin sarki mai wannan daraja ba a Sakal."

Wata dariya ta kufce wa Tokal, gajeriya, marar daɗin ji. Shekara tara yana mafarkin wannan rana. Ya dubi wuyoyin nan a sunkuye, ya san farashin kowanne. Ya dubi Cimal, hawaye na bin furfurar gemunsa. Sa'an nan ya hau matakala, ya zauna bisa fatar damisa. Maroƙa suka ɗauki kirari, ganguna suka amsa, mutanen da jiya suka ƙi yi masa sannu suka cika fili suna kiran sunansa.

Boka ya matso ya ce ba a hawa tabarma sai da jinin kamamme, kuma alloli sun kawo mai daraja da kansu. Waziri ya ce a'a, ɗan Sarkin Boktun ya fi amfani da rai. A ajiye shi, a riƙa fito da shi ranar buki, ubansa ya ɗanɗana abin da Sakal ta ɗanɗana. Fada ta rabu biyu, aka bar wa sarki hukunci.

Aka shigo da Pakab hannu a ɗaure ta baya. An riga an cire masa 'yan kunne, an zura tsumma. Aka durƙusar da shi a gaban tabarma. Tokal ya tuna hannun da ya fizge shi daga ruwa, shi ne kuma hannun da ya soki ɗansa. Ya nemi ƙiyayya a zuciyarsa don ta sauƙaƙa masa, bai same ta ba.

Ya ce, "Kana da magana?"

Pakab ya ɗago kai. Idonsa a bushe. "Na ji abin da Wazirinka ya ce. Ni na san ɗakin, na san matakalar, a bakin ƙofarsu na girma. In akwai sauran wani abu tsakanina da kai, Baba, kada ka ajiye ni."

Waziri ya buɗe baki zai yi magana, Tokal ya ɗaga dungulmin hannunsa, Waziri ya rufe baki. Ya daɗe yana duban saurayin nan, mutum na ƙarshe a duniya da ke kiransa da wannan suna.

Sa'an nan ya juya ga boka ya ce, "Yau za a yi yankan, kafin rana ta faɗi. A mayar masa da 'yan kunnensa. Kada kowa ya taɓa shi sai ni."